Furannin Ƙarƙashin Gado

Ban iya rubutu ba. Da baki nake faɗa, ana sawa a takarda. Maigidana ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau ban daina kukansa ba. Ana ta ce mini tsohuwa kamata ba ta zubar da hawaye a gaban jikoki. Na ji, sai dai hawayen ba sa neman izinina. Tun da na fita takaba abu guda ne yake yawan dawo mini: lokacin da aka raba ni da shi yana kwance ba ya gane kowa, aka ce ni na kwantar da shi, kuma duk a kan furanni. Wannan nake so a rubuta.

A Fagge muke a lokacin, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Gidan na iyayensa ne, mutanen Barno da suka daɗe a Kano har Barbarci ya soma kuɓuce wa 'ya'yansu. Mahaifinsu ya riga ya rasu. Saura Inna, uwar mijina, wadda duk unguwa ta sani da haɗa turaren wuta, sai Yaya, wan mijina, mai sayar da yadi a wajen Kantin Kwari, shi ne babba a gidan. Matarsa ta tafi wankan jego gidan iyayenta, don haka mu biyu ne mata a tsakar gida, ni da Inna. Maigidana kuwa lebura ne a tashar jirgin ƙasa. Shara yake yi, yana kuma ba shuke-shuken da aka dasa a bakin ofisoshi ruwa.

In an rage wa shukokin rassa, abin da ya zuba shara ne. Shi kuma sai ya tsince furanni masu kyau ya zuba a hularsa, ya mayar da ita kansa, ya taho da su gida a haka don kada abokan aiki su yi masa dariya. Yana shiga ɗaki sai ya tuɓe hular a kan tabarma, su zubo.

"Ga cefane," in ji shi. "Yau miyar Turawa za ki yi mana."

Ina yarinya a lokacin, aurenmu bai daɗe ba, ban haihu ba tukuna. Nakan jera su a faranti in yi ta kallo. Kafin gari ya waye sun yi yaushi, kafin jibi sun koma shara. Abin yakan ba ni haushi.

Akwai wata tela 'yar ƙabilar Ibo da ke zaune a Sabon Gari, tana shiga gidajen Fagge tana gwada mata, ta je ta ɗinko musu riguna. Madam muke ce mata. A Kano ta tashi, Hausarta ta fi ta Inna fita. Ba a daɗe ba da yin faɗan nan tsakanin mutanenmu da na Sabon Gari, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, kuma tun daga nan gidaje da yawa suka rufe mata ƙofa. Namu bai rufe ba, domin a wajen Yaya take sayen yadi. Amma in ta gai da Inna, da ƙyar Inna ke amsawa, fuskarta na kallon wani wuri.

Wata rana Madam ta kawo mini riga ta tarar da furannin jiya a faranti, sun langaɓe. Ta ɗaga ɗaya ta yi tsaki.

"Amarya, kina da zinariya kina ba kaji."

Da ta sake zuwa sai ta zo da wani abu naɗe a zane. Ta kwance. Baƙin karammiski ne a bayan gilashi, an kewaye shi da katako, a kansa kuma furanni ne aka jera kamar suna fitowa daga kwando, ja da fari da ruwan ɗorawa. Na taɓa gilashin, na zaci zane ne. Ta ce furanni ne na gaske, matan mishan suka koya mata tana yarinya, kuma akawu-akawun tasha suna saye su rataya a ɗakunansu. Matsalarta furen ne, ba ta samunsa a Sabon Gari. Muka shirya: ni in busar, ta ɗebi abin da take so, ta haɗa mini nawa guda in rataya a saman jeren tasoshina. Ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda na so wannan hoton ba.

Ta koya mini aikin a tsakar ɗakina. Katako biyu na tsohon akwatin sabulu. Tsofaffin jaridu, waɗanda maigidana ke tsintowa a sharar tasha. Za ki buɗe furen ki kifa shi a kan takarda, ki lallaɓa shi da babban yatsa har ya kwanta. In cikinsa na da kauri, ki rage da reza. Kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Ki rufe da takarda, ki sake jera wasu, ki sake rufewa, sannan ki ɗora katako ki ɗaure tamau. Ta ba ni baƙin zaren nan da matansu ke kitso da shi, ta ce ba ya tsinkewa. A sama kuma a ɗora nauyi. Muna da tsohon dutsen niƙa da ya tsage, maigidana ya shigo mini da shi.

Ta ja mini kunne a kan abu uku. A ajiye a duhu, don haske yana shanye launi. Da damina a sauya takardun kullum, in ba haka ba danshi ya ruɓar da su. Sai kuma wani fure mai ruwan hoda na wani itace mai dogayen ganye da ke ƙofar tasha. Shi ya fi kowanne kyau in ya bushe, amma ta ce in na taɓa shi in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci. Maigidana ya gaskata ta, ya ce ya ga akuyar wani mai gadi ta ci ganyen, ba ta kwana ba.

Wurin da ya fi duhu a ɗakina, inda kaza ba ta kaiwa, shi ne ƙarƙashin gadon ƙarfe. Wajen ƙafa akwatin kayana ne a wurin. Sai na tura katakon wajen kai. Ban yi wani tunani ba, wuri ne kawai na gani.

Ban ɓoye wa Inna ba, amma ba ta taɓa gani ba. Uwar miji ba ta shiga ɗakin matar ɗanta, kunya ce tsakaninmu. In tana nemana daga bakin ƙofa take kira. Haka na yi ta aikina. Na gwada furen kuɓewa, ya koma ruwan ƙasa. Furen zogale ya yi kyau, na lalle ya marmashe. Wani ja mai kama da takarda shi ba ya sauya launi ko kaɗan. Kowace safiya bayan na gama shara sai in jawo katakon, in kwance zare, in sauya takardu, in shanya masu danshin a kan gado.

Wajen ƙarshen damina maigidana ya dawo gida da tsakar rana yana rawar ɗari. Bai ko tuɓe hula ba ya faɗa gado. Muka ce zazzaɓin damina ne, zai wuce. Bai wuce ba. Jikinsa ya yi zafi har hannu ba ya iya daɗewa a goshinsa, ya soma surutai, yana kiran abokan aikinsa, yana cewa a kauce ga jirgi nan. Ni ce a kansa. Ina jiƙa tsumma ina shafa masa, ina ɗura masa koko kaɗan-kaɗan, ina sauya masa zane. Katako da furanni ko a raina ba su faɗo ba. Kwanaki suka shuɗe ban jawo su ba, ga ruwa ana ta yi.

Ciwo ya kawar da kunya. Inna ta soma shigowa ɗakin, da jiƙe-jiƙenta da rubutun da limamin unguwa ke aikowa. Wata safiya da hantsi tana zaune a bakin gado sai na ga ta ɗaga kai tana shinshina. Mai haɗa turare ce, hancinta ba ya kuskure.

"Wani abu yana wari a ɗakin nan."

Na ce ko tsumman da nake jiƙawa ne. Ta girgiza kai, ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ture dutsen, ta jawo katakon zuwa hasken ƙofa, ta sa haƙori ta tsinke zaren.

Takardun sun jiƙe sun manne da juna, fumfuna ta rufe su, toka-toka da kore. Jajayen furannin sun yi baƙi kamar busasshen jini. Rubutun boko na jaridar ya fito a jikin ganyayen.

"Mene ne wannan?"

"Fure ne, Inna."

"Na miya?"

"A'a."

"Na magani?"

"A'a, Inna."

Ta kai hanci ta janye. "Ba na turare ba ne, wannan kam ni zan faɗa. To na mene ne?"

"Na kallo ne."

"Na kallo." Ta maimaita a hankali. "Na yi shekaru ina busar da saiwa da ɓawo da ganye. Kowanne ko a ci, ko a sha, ko a turara. Ke kin busar da na kallo. Kin ɗaure shi da baƙin zare, kin danne da dutse, kin tura cikin duhu saitin kan ɗana. Wa yake kallonsa a can? Aljanu?"

Na soma bayani. Ta katse ni.

"Wa ya ba ki zaren?"

Na ce Madam.

Inna ta miƙe. Ta ɗauki katakon da bakin zanenta, don kada ya taɓa fatarta, ta fita da shi tsakar gida tana salati da ƙarfi. Ta aika a kira Yaya daga kasuwa. Kafin ya iso matan maƙwabta sun cika gidan. Da ya zo, shi da wani maƙwabci suka ɗauki maigidana a tabarma za su kai shi ɗakin Inna. Na riƙe ƙafarsa ina bin su. A bakin ƙofa Inna ta tare ni.

"Cika shi."

Na cika shi. Ƙafar tana da zafi, har yau ina jin zafinta a tafin hannuna.

Aka kira liman. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Aka shimfiɗa masa buzu a bakin zaure ta ciki, Yaya yana gefensa, ni kuma na durƙusa nesa kaɗan na ja mayafi na rufe fuska. Ya sa tsinke yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Na ga sammu iri-iri," in ji shi. "Na ga na allura, na ga na farce, na ga na gashi. Irin wannan ban taɓa gani ba. Amma ba duk abin da ke Sabon Gari na sani ba, rubutun nan kuma ba na karanta shi. A duba ko akwai wani abu na jikin majinyacin a ciki."

Inna ta sunkuya tana dubawa. Ina addu'a a raina, na san ban sa komai ba. Sai na ga ta sa yatsu biyu ta zaro wani siririn zare shuɗi da ya manne a jikin wani fure. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Zaren hularsa ne. Ni na saya masa hular."

Matan suka ɗauki salati. Na ce a cikin hular yake kawo furannin, shi da kansa, kullum in ya taso aiki.

"Namiji da gemunsa ya zuba fure a hula?" in ji wata maƙwabciya. "Ke ko ƙaryar ma ba ki iya ba."

"A tambaye shi," na ce.

"Ga shi can kwance," in ji Inna. "Je ki tambaye shi mana, tun da kin bar masa bakin magana."

Mutum ɗaya ne a duniya da zai ce gaskiya na faɗa su yarda, shi kuwa yana ɗaki yana gargaɗin mutane su kauce wa jirgi.

Sai Inna ta miƙe ta ɗauko ƙwarya ta ɗebo ruwa a randa. "Magana ta ƙare. In babu cuta a ciki, a jiƙa ta sha a gabanmu."

Liman ya ce wannan ba daga littafi yake ba, amma in yarinya ta yarda don hankula su kwanta, shi ba zai hana ba. Na ce na yarda. Fumfuna ce, in ta yi yawa ta sa ni amai. Inna ta sa tsinke tana kankaro furannin cikin ruwan, baƙaƙen, da na zogale, da jan nan mai kama da takarda. Ta ɗaga takarda ta gaba. Masu ruwan hodan ne, jere reras, su ne ma ba su lalace sosai ba.

In na yi shiru na sha, ban san ko zan kai magariba ba, kuma in na faɗi a gabansu cewa za a yi asirina ne ya kama ni. In na yi magana kuma, na san abin da za su ji.

"Inna, zan sha duka. Ban da wannan."

Hannunta ya tsaya. "Don me?"

"Guba ne."

Yaya ya ɗago kai ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Guba," in ji shi. "A ƙarƙashin kan ƙanina."

Inna ta ce a mayar da ni gidan ubana a Rijiyar Lemo yau ɗin nan, kafin la'asar, da kayan jikina kawai. Na san ma'anar wannan. In na fita daga gidan, ba zan sake ganin mijina ba. In ya mutu, ni ce wadda ta kashe mijinta har ƙarshen rayuwata, ko gawarsa ba za a bar ni in gani ba. In ya tashi, su zai fara ji kafin ni. Na manta da kunyar wan miji, na ja gwiwa har gaban Yaya, na ce ya yi wa Allah ya kira Madam a ji ta bakinta.

"In je Sabon Gari in ce me? In ce ta zo ta wanke ɗalibarta?"

Tun bayan faɗan, mutumin Fagge ba ya tsallaka titi zuwa can sai da dalili mai ƙarfi, in ya je ma ba ya daɗewa. Amma liman ya ce ba a yanke wa mutum hukunci da rabin magana. Yaya ya ce in an yi azahar zai je.

Aka sa ni a ɗakin girki, aka ce kada in taɓa tukunya, kada in kusanci randa. Daga nan ina jin nishin maigidana. In ya yi shiru sai in miƙe tsaye, in ya sake nishi sai in zauna. Matan ba su watse ba, suna zaune a inuwa suna magana ƙasa-ƙasa, wata ta ce ita dama ta lura ba na yawan fitowa tsakar gida da safe. Na yi ta tunanin ko Madam za ta ƙi zuwa. Da ta ƙi ma ban ga laifinta ba. Mace ɗaya, ta shigo unguwar da ake cewa ta yi wa ɗanta asiri.

Ana kiran la'asar sai ga Yaya ya shigo, ita kuma tana bayansa da tazara, da lema a hannu, da abu naɗe a zane a kanta. Fuskarta ba dariya, gumi ya jiƙa mata wuya. Na ji daga baya cewa samari sun biyo ta tun daga bakin titi har ƙofar gida.

"Inna, sannu da jinya. Yaya mai jiki?"

"Ba gaisuwa aka kira ki ba."

"To." Ta sauke kayan, ta kwance zanen, ta jingina hoton da turmi inda kowa zai gani. Matan suka matso. Wata ta kai hannu za ta taɓa, wata ta buge hannun.

"Ga asirin nan," in ji Madam. "Ina da irinsa a bangon ɗakina. In da yana kama miji, da nawa na fara kamawa, ga shi can ko kujera na ce ya gyara sai mun yi sati muna gardama."

Wata ta yi dariya, ta dubi Inna, ta haɗiye.

Madam ta tsuguna gaban katakon, ta ɗaga takarda ɗaya da yatsa, ta juyo wajen ɗakin girki inda nake. "Amarya! Ban ce ki sauya takarda kullum ba? Dubi ɓarnar da kika yi. Duk wannan fure!"

Na fashe da kuka. Tun safe ita ce ta fara yi mini faɗa a kan abin da na yi da gaske.

Liman ya sa ta faɗi yadda ake aikin daga farko. Ta faɗa, bai saɓa da nawa ba ko a wuri ɗaya, har da hular. Ta ce ita ma ta sha yi wa maigidana tsiya a kan haka. Liman ya tambaye ta maganar guba.

"Gaskiya ne, Malam. Ni na ce ta riƙa wanke hannu. Ai tumfafiya ma tana bayan gidan kowa, ba wanda ya ce a sha."

"Tumfafiya tana bayan gida," in ji Inna. "Ban kai ta ƙarƙashin kan ɗana ba."

Madam ta mayar da takardar kan katakon.

Liman ya ce shi bai ga sihiri a nan ba, ya ga wauta ta ƙuruciya, kuma ba a korar mace daga gidan mijinta mijin yana kwance bai ce a kore ta ba. Yaya ya ce zan zauna.

"Gida naka ne," in ji Inna. "Ɗaki nawa ne. Ba za ta taka shi ba, kuma abin da ya fito daga hannunta ba zai shiga bakinsa ba."

Ta ce a ƙone tarkacen. Madam ta ce kada a ƙone a cikin gida, hayaƙin mai ruwan hodan ma ba shi da kyau. Yaya ya tattara duka, har da katakon da ƙwaryar, ya kai kududdufi ya zubar. Madam ta so ta bar mini hoton, Inna ta ce ko inuwarsa ba za ta kwana a gidan ba. Ta naɗe abinta ta ɗora a ka. Yaya ya raka ta har bakin titi tun rana ba ta faɗi ba. Ba ta sake shigowa gidanmu ba, ban kuma sake ganinta ba. Ko na gode ban samu na ce mata ba, wannan ma yana cikin abin da nake kuka a kansa.

Na zauna a gidan, amma kamar ba na ciki. Inna ita ke girki, ita ke ɗiban ruwa. Ni aikina zama a gindin bango, saitin ƙofarta, inda in iska ta ɗaga labule nake hango ƙafafun maigidana. Ya daina surutai, wannan kuwa ya fi surutan ba ni tsoro. Sai kuma ya daina haɗiya. Ina jin Inna tana lallashinsa, da Hausa, da Barbarci, ludayi yana bugun haƙoransa. Ta fito da tsumma jiƙe da koko, ta wanke, ta koma, ta sake fitowa da shi jiƙe. Yaya ya gwada, ya ɗaga shi zaune ya matse masa muƙamuƙi, maigidana ya ƙware har na zaci shi ke nan. Rubutun liman ma a gemunsa yake zubewa.

Na san yadda yake karɓa, don ni na yi ta ba shi tun farkon ciwon. Ba a ɗaga shi zaune. Wuyansa ake ɗorawa a cinya, a jiƙa masa leɓe da yatsa tukuna, a jira, a yi ta yi masa magana, sannan a zuba ta gefen baki. Na faɗa daga inda nake zaune, da murya ƙasa, ba tare da na kira sunan kowa ba. Labulen bai motsa ba. Daga baya na ji ta gwada hakan. Bai karɓa ba.

Washegari da hantsi liman ya shiga ya duba shi. Da ya fito na ji yana ce wa Yaya a zaure, in ruwa bai shiga cikinsa ba yau, sai dai a yi ta addu'a. Na kifa kaina a gwiwa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai na ga inuwa a kan ƙafafuna.

Inna ce, da ƙoƙon koko a hannu. Idanunta sun faɗa, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba.

"Tashi. Wanke hannunki, ina gani."

Ita ta zuba mini ruwan. Na wanke har gwiwar hannu. Ta juya tafina ta duba, ta duba ƙarƙashin farcena. Sannan ta ɗaga labule.

Ya rame har na kusa kasa gane shi. Leɓɓansa sun tsattsage. Na zauna na ɗora wuyansa a cinyata, na karɓi ludayi. Inna ta riƙe mini hannu.

"Ke tukuna. Kowane ludayi, ke tukuna."

Na kurɓi rabi tana kallon maƙogwarona har na haɗiye. Na tsoma yatsa na shafa masa a leɓe. Na jira. A gaban uwarsa ban san abin da zan ce masa ba, sai na ce, "Maigida, ni ce. Na dawo." Na sake shafawa. Harshensa ya ɗan motsa. Na karkata ludayin ta gefen bakinsa, kaɗan, na tsaya. Kokon ya taru a wurin, bai shiga ba, bai zubo ba. Sai maƙogwaronsa ya yi sama ya dawo.

Ba wai Inna ta yarda da ni ba ne daga ranar. Maigidana ya warke a hankali, ya je ya durƙusa ya faɗa mata komai da bakinsa, ta ce ta ji. Amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kai lomar girkina baki ba sai ta ga na fara ci. Ban riƙe ta a raina ba, ɗanta ne.

A ranar dai haka muka yi ta yi, in kurɓa, in jira, in ba shi, tana zaune a jikin bango tana bin kowane ludayi da ido. Da ƙoƙon ya ƙare ta karɓa ta leƙa cikinsa. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta miƙe ta fita ɗebo wani, ta saki labule a bayanta, ta bar mu mu biyu a ɗakin.